Inna Tana Jiran Mai Zuwa

Ranar da Inna ta rasu, mutanen garinmu sun cika gidan, amma sun rasa abin da za su ce mana. Garin namu yana bakin kogin Kwara ne, a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Dahome. Masunta ne da manoman shinkafa, Musulmi tun kaka da kakanni. Mu masu bin Almasihu 'yan gidaje ne kaɗan a tsakiyarsu, yawancinmu kuma matasa, don haka ba a taɓa yin mutuwar babba a cikinmu ba. Mutum zai shigo ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi addu'ar da ya saba, sai ya tuna gidan da yake, ya yi shiru yana murza hula.

Wata tsohuwa da suke bandar kifi tare da Inna ce ta warware. Ta shigo da zani a kafaɗa, idonta jawur, ta dubi mai bisharar da ke bi da mu sujada, ta ce, "Malam, ni ban san yadda kuke hwaɗi ba. Ni dai zan hwaɗi nawa, in an karɓa an karɓa. Allah shi jiƙan ta, Allah shi sa ta huta." Mai bishara ya ce amin, mu ma muka amsa. Daga nan bakin kowa ya buɗe.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗaki, ta zauna har yamma ba ta sayar wa kowa ba. Da muka fara waƙa a kan gawar, na ji wata maƙwabciya tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Ana mutuwa suna waƙa?" Ɗayar ta ce mata, "Ai ita ta ce a yi mata. Ba ki san halinta ba?" Bayan 'yan kwanaki sai ga wasu tsofaffi sun sauka daga kwale-kwale, wani da sanda, wata ba yatsun ƙafa. Abokan jinyarta ne na asibitin kutare, labari ya iske su, suka haɗa hanya suka zo.

Inna ba ta bar hoto ba, yaran da take goyo kuwa ba za su tuna fuskarta ba. Shi ya sa na ce tun da an koya mini rubutu, bari in ajiye abin da na gani.

Uwar maigidana ce. An kawo ni gidanta shekara guda kafin a ba ƙasar nan mulkin kai. A ranar farko ta miƙo mini ƙwaryar fura ta tallafe ta da dungun hannu biyu, domin yatsun duk sun tafi, sai guntun babban yatsa a hannun dama. Ta ga idona ya tsaya a wurin, ta yi dariya ta ce, "Sha, ɗiyata. Baƙon ya daɗe da tahiya, wurin kwanansa kawai kike gani."

Labarin ciwon a hankali na tsince shi, don ba ta zama ta ba da shi a jere. Tana budurwa aka aurar da ita a wani ƙauye a tsallaken iyaka, lokacin ana ce wa wurin ƙasar Faransa. Can ta haifi ɗan fari, can kuma ya rasu yana ƙarami. Tana goyon na biyu, wato maigidana, sai tabon kuturta ya bayyana a jikinta. Dangin miji suka yi mata bukka a bayan gari, daga baya suka ce ta koma gidansu. Ƙanenta, wanda muke kira Kawu, shi ya karɓe ta. Mutane suka ce ya nesanta da ita, ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Inna kan ce idan ta tuna, "Nawa kam ba su jira an yanke ba, da kansu sunka yi sallama." Kawu ne ya sa ta a kwale-kwalensa ya gangara da ita har asibitin mishan. Ta yi shekaru a can da ɗanta, ta sha magani, aka sallame ta. Ta dawo ciwo ya tsaya, ta kuma dawo da bangaskiya ga Yesu. Wannan na biyun ne Kawu ya kasa haɗiyewa. Bai kore ta ba, bai hana ta gona ba, duk kamun da ya yi sai an kawo mata kifi, amma ƙafarsa ba ta ƙara taka gidanta ba.

Abin da ta riƙe a cikin dukan abin da aka koya mata shi ne alkawarin Mai Ceto cewa zai dawo. Ba ta iya karatu ba, wa'azi mai tsawo kuma yakan sa ta gyangyaɗi, amma da an taɓo wannan magana sai ta gyara zama. Ba ta cika kiran sunansa ba, Mai Zuwa take ce masa, kamar wani ɗan'uwa da ya tafi fatauci. Ba ta yin shirin gobe ba ta sa shi a ciki ba. "Gobe za mu kasuwar Kaoje, in Mai Zuwa bai rigaye mu ba." Har maƙwabta suka ɗauka suna tsokanarta da shi. Randarta ba ta kwana ba ruwa, tsakar gidanta kuwa ko tsinke ba ka gani. Na taɓa yi mata ƙorafin yawan shara, ta ce, "Wadda ke jiran baƙo ba ta barin gida kaca-kaca." In an yi maganar hannunta sai ta ɗaga su ta ce, "Ranar nan za a ba ni sababbi. Abin da zan fara yi, in yi wa kaina kitso." Ta daɗe tana jin haushin masu kitson garin, ta ce suna jan gashi kamar masu jan taru.

Ba waliyyiya ba ce. Tana da baki, in ta fara faɗa sai wanda ya gaji ya bar mata wurin. Tana kuma cin garin taba a ɓoye, ta ɗauka mai bishara bai sani ba.

Rigimar da ba zan manta ba ita ce wadda suka yi da ɗanta a daminar shekarar mulkin kai. Wani baƙon mai wa'azi ya ratso ta garin, ba namu ba ne, ya kwana biyu ya wuce. Ya ce ya ga alamu: ranar da Turawa za su sauke tutarsu, ranar ce duniya za ta naɗe, Mai Ceto ya bayyana. Mai bishararmu ya ce ba haka aka koya mana ba, amma maganar baƙon ta riga ta shiga kunnen samari. Maigidana yana cikinsu. Ruwa ya sauka, kowa ya nufi fadama, shi kuwa da sauran samarin suka rataye fartanyoyinsu.

Inna ta same shi a gindin rumbu ta ce, "Kai, mi ka zaunar da kai?"

Ya ce, "Inna, wa zai ci shinkafar? Ba ke ce kullum kike cewa shina tahe ba?"

Ta ce, "Na ce shina tahe. Ka taɓa jin na ce maka ran kaza?"

Ya ce ai ita ba ta san alamun ba, tun da ba ta karatu. Wannan kalma ta ƙona ta. Ta faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, har da na cewa da ta san raggo take goyo da ta bar shi a tsallake. Ya tashi ya bar gidan. Ta juyo ta ce mini, "Ɗauko tsumma." Na ɗauko. Ta ce, "Ɗaura mini hwartanya ga hannu." Na ɗaure ƙotar a wuyan hannunta, muka tafi fadama mu biyu, ni da ƙaramin ciki.

Haka muka yi ta yi kullum. Hannun wanda ya yi wannan ciwo ba ya jin zafi, don haka tsumman ya ci fatarta ba ta sani ba. Wata rana da rana tsaka maigidana ya biyo ta kan kunyar gona zai wuce, sai ya ga ƙotar fartanyar ta yi ja. Ya tsaya. Ya sauko cikin taɓo, ya durƙusa ya kwance tsumman da kansa, ya karɓi fartanyar. Ya nome gonar, amma har ranar sauke tuta ta zo ba su koma hira ba.

Ranar ta zo, aka yi kiɗa, yaran makaranta suka yi ta yawo da ƙananan tutoci, rana ta faɗi kamar kullum. Maigidana ya karaya. Ya daina zuwa sujada, ya ce an yaudare su. Na ɗauka Inna za ta yi masa dariya, don ta iya. Sai ta kai masa tuwo da kanta, ta zauna kusa da shi ta ce, "Wanda ya yanka maka rana shi ya yi maka ƙarya. Mai alkawarin bai yanka ba. Ni so nike in ya zo shi tarad da ni cikin aikina." Da kaka ta yi, gidajen da ba su yi shuka ba daga rumbunta suka ci. Tana auna musu tana yi musu faɗa, suna karɓa suna sunkuyar da kai, ba ta kuma bar ko ɗaya ya koma da ƙwarya wofi ba.

Cikin da nake da shi ya zama 'ya mace. Ta fara tafiya ke nan ƙyanda ta shigo garin da bazara, ta ɗebi yara, ta haɗa da tawa. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ɗiyar fari ce, ana jin kunya. Na dai daina cin abinci, na daina magana. Masu bi suna zuwa suna ce mini za mu sake saduwa da ita ranar da Mai Ceto ya dawo. Wata rana Inna ma ta faɗa, sai na ji abin ya taso mini. Na ce, "Yaushe, Inna? Kullum shina tahe, shina tahe. Da ya zo jiya ai da tana nan."

Washegari ta ce in ɗaura zani in raka ta. Ta ce za ta kai ni in ga kabarin ɗanta na fari.

Muka bi hanyar yamma da ƙafa, ta cikin gonakin dawa da aka girbe. Ta ce da can mutum yakan wuce ba wanda zai tambaye shi, dangi ne a kowane gefe. Amma yanzu ƙasashen biyu kowace ta sami tutarta, an kafa rumfa a bakin wani rafi, an gitta gora, ga ma'aikata cikin kaki. Wanda ya tare mu yaro ne, baƙo daga kudancin Dahome, Hausarsa kaɗan ce. Ya ce takarda. Inna ta ce ba ta da ita, ɗanta za ta gaisar, shi ma ba shi da takarda. Ya fara murmushi, sai idonsa ya sauka a kan hannunta. Ya ja da baya, ya girgiza kai, ya nuna mana hanyar da muka fito. Na yi ta roƙo, ina cewa ciwon ya warke tuntuni. Bai ji ba, ko kuma tsoro bai bar shi ya ji ba.

Muka koma gefe muka zauna a inuwar wata ɗorawa. Na ɗauka za ta zage shi. Ta ce, "Ƙyale shi, ɗan wata ne, an hwaɗa mashi ana ɗauka." Ta nuna da dungunta can tsallaken rafi, inda wata tsamiya ta fi sauran itatuwa tsawo. "Nan gindinta shike."

Muka daɗe muna kallon tsamiyar. Can ta ce, "Kin tambaye ni yaushe. Ban sani ba, ɗiyata. Ni ma na tambaya, a bukkar bayan gari na tambaya, a asibiti na tambaya. Ba a hwaɗa mini ba. Amma bari in gaya miki abin da ban gaya ma kowa ba. Yaron nan, tun da na haihe shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne. In ya yi kuka sai in kau da kai don kada a ce ba ni da kunya. Ina cewa akwai lokaci. Har ya tahi bai ji sunansa a bakina ba."

Na ce, "Ni ma haka, Inna."

Ta ce, "Na sani, ina kallonki. Da na ji labarin Mai Ceto, abin da na fara tambaya shi ne, yaran da sunka tahi ba su ji ba hwa? Anka ce mini yara suna hannunsa, kuma ranar da ya dawo zai tashe su. To, ni abin da nike jira ke nan. Ranar nan ba gora a hanya, ba mai tambayar takarda, kunya kuma ta ƙare. Zan tsaya in ƙwala mashi kira da sunansa, kowa shina ji. Ke ma ki kira taki."

A nan na yi kukan da ban yi ba. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, tana shafa bayana da hannun da ba ya jin abin da yake taɓawa. Ba ta ce in yi shiru ba. Da na gaji ta sa haƙori ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli daga bakin zaninta ta ce in ci, hanya da nisa. Na ci. Shi ne abinci na farko da ya zauna mini tun rasuwar.

Ba ta ƙara neman tsallakawa ba. Bayan haka Allah ya ba ni wasu 'ya'yan, duk a bayanta suka yi wayo.

Ciwon ajalinta ya zo da kakar shinkafa, 'yan shekaru bayan wannan tafiya. Tari ne da zazzaɓi, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Aka gaya wa Kawu. Rannan da hantsi ina tankaɗe sai na ji sallama a ƙofar gida, muryar da ban taɓa ji a wurin ba. Ya tsaya a bakin zaure kamar baƙo. Na shimfiɗa masa tabarma a waje, ya tsallake ta ya shiga ɗakinta, ya zauna a ƙasa kusa da gadon kara.

Ta buɗe ido ta ce, "Ashe ka san hanya."

Ya ce, "Yaya, bar wannan."

Ta sa na dama kunu. Ta kurɓa kaɗan ta ture masa ƙwaryar, tana kallonsa. Ya ɗauka ya shanye, ya goge gemu. Suka yi hirar iyayensu, da shekarar da ruwa ya ci garin suka kwana a kan tudu, da wani kifi da ya taɓa jan Kawu cikin kogi yana yaro ita ta cafko ƙafarsa, lokacin tana da yatsun cafkowa. Can Kawu ya ce, "Yaya, ko yanzu in kin so, sai in kira liman."

Ta ce, "Na gode, ƙanena. Na san don ƙauna ka hwaɗa. Amma na ba wani amanata, ba ni karɓewa a bakin ƙofa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mu ma malamanmu sun ce Annabi Isa zai sauko."

Ta ce, "To, ka gani. In ya zo sai mu tambaye shi wa ya fi gane shi, ni ko kai." Ya yi dariya hawaye na bin gemunsa. Kullum bayan haka sai ya zo. A gabansa ta cika, da rana, ana jin bugun shinkafa daga fadama.

Sai maganar inda za a sa ta. Ba mu da maƙabarta tamu. Yaranmu da suka rasu a bayan ɗakin sujada muka sa su, wurin kuwa kwari ne, duk shekarar da Kwara ta cika sai ruwa ya kwanta a kai. Maƙabartar gari kuma dattawa suka ce ba za ta yiwu ba, ba mu kuma yi musu gardama ba. Maigidana yana tsaye ya rasa ta yi. Kawu ya tashi ya ce a biyo shi. Ya kai mu gonarsa ta tudu, wadda ya gada daga ubansu, inda ambaliya ba ta taɓa kaiwa ba. Ya tuɓe rigarsa, tsoho da shi, ya karɓi magirbi ya fara sara. Samari suka ce ya bari su yi, ya ce su jira ya gaji.

Da aka gama, mai bishara ya yi addu'a, muka yi waƙar da ta ce a yi mata. Kawu da mutanensa suka ja gefe suka tsaya har muka ƙare. Aka sa ta, aka jera itace, aka mayar da ƙasa. Samari suka hau suna dannawa da ƙafa yadda aka saba, don kada kura ta tone. Sai Kawu ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ya isa haka. Ku sa ƙaya a sama, amma kada ku danne da yawa."

Wani ya ce, "Baba, ai haka ake yi."

Ya ce, "Na sani. Amma yayata ta ce tashi za ta yi. Ni kuwa tun muna yara ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

Allah ya ba ki hutawa, Inna, har ranar da za a tashe ki. Mu da muka rage, ya ba mu ƙarfin jira.